Ƙurajen Fuska: Tarihin Cutar da Aka Daɗe Ana Ɗora wa Mai Ita Laifi

A ƙarni na farko na Miladiyya, wani marubuci ɗan birnin Rum mai suna Celsus ya tattara ilimin likitancin zamaninsa a littafin da ake kira De Medicina. Ya yi bayanin karaya da zazzaɓi da aikin ido cikin natsuwa, amma da ya iso kan ƙurajen fuska sai ya yi musu kallon hadarin kaji. A ganinsa, tsayawa yi musu magani kusan wauta ce, kuma abin da ya sa ya ambace su shi ne ba a iya raba mata da kula da kyawunsu. Bayan ya gama rainin, sai ya ba da haɗi: danƙon itace, da alif daidai yawansa, da zuma kaɗan, a shafa a kan ƙurjin.

Abubuwa biyu da ke cikin wannan ɗan bayani sun rayu kusan shekara dubu biyu. Na farko shi ne raini, wato ɗaukar ƙurajen fuska a matsayin damuwar masu son kwalliya. Na biyu shi ne haɗin gida, wanda har yau uwa ke koya wa 'yarta, ƙawa ke tura wa ƙawarta ta waya. Akwai kuma abu na uku da ya biyo baya, wanda ya fi sauran nauyi: kowane zamani ya nemo wa mai ƙurajen laifi. Wani zamanin ya ce jininsa ne ya ɓaci, wani ya ce ƙazanta ce, wani ya ce sha'awa ce ta yi masa yawa, wani kuma ya ce kwaɗayi ne. Maganin da aka ba shi kuwa kullum yana bin laifin da aka ɗora masa.

Batun ba ƙarami ba ne. Babban binciken cututtukan duniya na shekarar 2010 ya ƙiyasta cewa kashi 9.4 cikin ɗari na mutanen duniya na fama da waɗannan ƙuraje, abin da ya sa suka zama na takwas a jerin cututtukan da suka fi yawa. A tsakanin masu shekara 12 zuwa 24, kusan kashi 85 cikin ɗari ne ke ɗanɗana su. Tun a 1948, likitoci biyu na Amurka, Marion Sulzberger da Sadie Zaidens, suka rubuta cewa da wuya a sami wata cuta guda da ta kai su jawo wa matasa ƙuncin rai da jin ƙasƙanci da saɓani tsakaninsu da iyayensu.

Sunan da ya bi shekaru

Tsofaffin Girkawa sun kira ƙurajen da kalmar da suke kiran gashin farko da ke tsiro wa yaro a haɓa. Kalmar da Turawa ke amfani da ita yau an fi danganta ta ga Aëtius, likita ɗan garin Amida, wato Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yanzu, wanda ya rayu a ƙarni na 6. Masana harshe da dama na ganin kuskuren masu kwafar littafi ne ya haife ta, daga wata kalmar Girkanci mai nufin ganiya ko ƙololuwar ƙuruciya. Larabawa na cewa habbush-shabab, ƙwayoyin samartaka. Bahaushe kuma ya ce ƙurajen balaga.

Ke nan al'ummomin da ba su haɗa harshe ba sun haɗu a kan lura guda: ƙurajen na zuwa tare da girma. Wannan lura daidai ce, kuma ita ce makullin sirrin duka. Sai dai an ɗauki ƙarnoni da yawa kafin a gane abin da balaga ke yi wa fata, kuma a tsawon wannan jira ne aka cike gurbin da zato.

Zamanin ruwaye huɗu

Daga Girkawa har zuwa likitocin daular Musulunci, fahimtar da ta mamaye likitanci ita ce jikin ɗan Adam na ɗauke da ruwaye huɗu: jini, da majina, da safara'u, da sauda'u. Lafiya ita ce daidaituwarsu, cuta kuma rinjayar ɗaya ko ɓacinsa. A wannan tsari, abin da ya fito a fata saƙo ne daga ciki. Ibn Sina, wanda ya kammala Al-Ƙanun fiɗ-Ɗibb a 1025, ya siffanta wasu fararen ƙuraje da ke fitowa a hanci da kumatu kamar ɗigon madarar da ta daskare. Masu bin tafarkinsa a Indiya da Pakistan har yau da wannan suna suke kiran cutar, wato ƙurajen madara.

Tunda daga ciki matsalar take, to daga ciki za a kore ta. Sai aka dogara da wankin ciki, da fitar da jini, da ƙaho, da hana cin abincin da ake ganin yana da zafi. A waje kuma ana shafa zuma, da ruwan tsami, da yumɓu, da farar wuta, wadda mutanen Rum ke nema a wuraren wankan ruwan ɗumi. Wannan fahimta ta iso ƙasar Hausa cikin littattafan tibbi na Larabci da malamai suka karanta, suka kuma yi nasu rubutun a kai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, alal misali, ya rubuta risaloli kan magunguna, ciki har da wadda ta shafi basir. Duk wanda ya taɓa jin mai magani a kasuwa yana danganta ƙurajen fuska da dattin ciki ko gurɓacewar jini, to amon wancan tsohon darasi ne ya ji.

Turawa ma ba su rabu da shi da wuri ba, riga kawai suka sauya masa. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, likitoci da yawa sun yi imani cewa bayan-gidan da ya daɗe a hanji yana sakin guba cikin jini, gubar kuma ta ɓullo a fuska. 'Yan kasuwa suka ga dama ta samu. A shekarun 1930 kamfanin Fleischmann na Amurka ya cika mujallu da tallan hotuna, inda ake nuna budurwar da aka ƙi gayyata biki ko saurayin da ya rasa aiki saboda ƙuraje, sannan a ce maganin shi ne cin curi uku na yis kowace rana domin tsarkake jini. Sai da hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta taka wa irin waɗannan iƙirari birki.

Tsutsa, ƙazanta da zargin ɗabi'a

Likitancin fata na zamani ya fara ne a Landan, a hannun Robert Willan da almajirinsa Thomas Bateman. Maimakon su tsaya hasashen abin da ke cikin jini, sai suka duba abin da ido ke gani, suka jera cututtukan fata bisa siffarsu. A littafinsa na 1813, Bateman ya kasa ƙurajen fuska gida huɗu, har da masu baƙin kai da masu tauri da ke nutsewa cikin fata.

Masu baƙin kan nan sun daɗe suna ruɗa mutane. Idan aka matse su, wani abu fari mai tsawo ke fitowa da ɗigon baƙi a bakinsa, kamar tsutsa mai kai. Shi ya sa sunan da likitoci suka ba su ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin acici, bisa zaton wata halitta ce ke cin naman mutum. A 1842 wani likita a Balin, Gustav Simon, ya sa abin da ya matso a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai kuwa ya ga wani mitsitsin ƙwaro yana motsi. Daga baya aka gano wannan ƙwaro na zaune a fuskar kusan kowane baligi, mai ƙuraje da marar su. Baƙin ɗigon ma ba dauɗa ba ce. Maiƙo ne da launin fata da suka yi duhu bayan iska ta taɓa su, kamar yadda yankakken dankali ke sauya launi idan aka bar shi a buɗe.

Amma jama'a sun riga sun yanke hukunci: baƙi a fuska ƙazanta ce, maganinta kuma dirza. A kan wannan aka ɗora wani zargin da ya fi ciwo. Tunda ƙurajen na zuwa lokacin da sha'awa ke farkawa, likitoci da masu wa'azin tarbiyya da yawa na ƙarni na 19 a Turai da Amurka suka danganta su da istimna'i ko mugun tunani. Wasu kuma suka ce tauye sha'awa ne ke kawo su, don haka aure ne maganinsu. Yaro ɗan shekara sha biyar sai ya zama yana yawo da abin da ake ɗauka shaidar zunubinsa ce a goshi. Wannan magana ta aure ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, kuma akwai dalilin da ya sa take kama da gaskiya: shekarun da akasarin mutane ke aure su ne shekarun da ƙurajen ke lafawa da kansu.

Abin da madubi da gwaji suka nuna

A shekarun 1890, Paul Unna a Hamburg ya ga wasu ƙwayoyin bakteriya cikin toshewar ƙofar gashi, Raymond Sabouraud a Faransa ya raine su a ɗakin gwaji, sannan a 1900 Caspar Gilchrist a Amurka ya raɗa musu suna. Zamani ne da ake gano ƙwayar cuta bayan ƙwayar cuta, don haka aka ɗauka an kama ɓarawo. A 1909 wani matashin likita a asibitin St Mary's na Landan ya wallafa maƙala kan yi wa masu ƙuraje allurar rigakafi da aka haɗa daga ƙwayoyin. Sunansa Alexander Fleming, wanda shekara goma sha tara bayan haka ya gano fenisilin. Rigakafin bai kai labari ba, domin ita ma wannan bakteriya, kamar ƙwaron Simon, tana zaune a fatar kowa.

A daidai wannan lokaci aka shiga amfani da hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. An lura yana busar da maiƙon fuska, ƙurajen su ragu. Daga farkon ƙarni na 20 har zuwa wajen shekarun 1960, an haska fuskoki da wuyan matasa masu ɗimbin yawa a Turai da Amurka. Shekaru ashirin ko talatin bayan haka, wasunsu suka koma asibiti da sankarar fata ko ta maƙogwaro. Masana ne suka ba da wannan magani, da na'urar da ta fi kowace zama ta zamani a lokacin.

Amsar tambayar da Girkawa suka bari ta zo a 1941. James Hamilton, wani masanin halittar jiki a Amurka, ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe kafin balaga ba sa yin ƙurajen fuska, amma idan aka ba su sinadarin testosteron sai ƙurajen su fito, idan aka daina su tafi. Wannan sinadari, wanda jikin mace ma ke samar da shi daidai gwargwado, shi ne ke tayar da jakunkunan maiƙon da ke gindin kowane gashi.

Daga nan hoton ya haɗu. Balaga na sa fata ta ƙara fitar da maiƙo. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su zube sai su manne, su toshe ƙofar gashi. A cikin wannan rufaffen rami mai maiƙo kuma marar iska, bakteriyar da ta saba zama lafiya sai ta hayayyafa. Garkuwar jiki ta kawo ɗauki, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara ruwa. Idan bangon ramin ya fashe ta ciki, musamman in an matsa da yatsa, kumburin ya nutsa, ya bar rami ko tabo. Wannan aiki na ɗaukar makonni a ɓoye kafin ido ya gani, don haka ƙurjin da ya fito yau ba abincin jiya ne ya kawo shi ba.

Su wa abin ya fi kamawa? Wani bincike da aka yi a kan tagwaye mata fiye da ƙafa dubu ɗaya da ɗari biyar a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2002, ya ƙiyasta cewa gado ne ke da alhakin kusan kashi 81 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane. Sauran abubuwan da ke rura wutar sun haɗa da sauyin sinadaran jiki gab da jinin al'ada ko lokacin juna biyu, da damuwa, da wasu magunguna, da man shafawa mai nauyi. A 1970 aka bayyana wani nau'i da aka gani a goshin baƙaƙen fata maza a Amurka, wanda man gashi mai kauri ke jawowa idan ya gangaro daga kai.

Magungunan da suka yi aiki, da abin da suka ci

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne aka fara samun magungunan da ke aiki da gaske. A shekarun 1950 aka shiga ba da tetirasaikilin, maganin kashe bakteriya, na tsawon watanni. Ya taimaka, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 an fara ganin ƙwayoyin da suka daina jin irin waɗannan magunguna, matsalar da ta yaɗu a duniya tun daga lokacin. A Kanada, likita William Pace ya gwada benzoyil feroksaid haɗe da farar wuta, ya wallafa sakamakon a 1965. Har yau yana cikin magungunan da suka fi araha da inganci, kuma bakteriyar ba ta koyi jure masa ba.

A 1969, Albert Kligman na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa suka nuna cewa wani sinadari ɗan gidan bitamin A, idan aka shafa shi, yana hana ƙofar gashi toshewa. An amince da shi a Amurka a 1971 da sunan Retin-A, ya kuma zama ginshiƙin maganin ƙuraje. Sai dai tarihinsa na da duhu. Daga 1951 zuwa 1974, Kligman ya yi gwaje-gwaje a kan fursunonin gidan yarin Holmesburg da ke Filadelfiya, waɗanda mafi yawansu baƙar fata ne, matalauta, da yawa kuma suna jiran shari'a ne saboda sun kasa biyan beli. Don 'yan daloli, an gwada musu kayan shafa da magunguna da sinadarai masu guba, har da dayoksin, ba tare da sun fahimci haɗarin ba. Allen Hornblum ya tona labarin a littafinsa Acres of Skin a 1998. Jami'ar ta nemi gafara a 2021, hukumar birnin Filadelfiya ta bi sahu a 2022.

Magani mafi ƙarfi ya zo a 1979, lokacin da Gary Peck da abokan aikinsa suka ba majinyata 14 masu mummunan nau'in cutar wani ɗan'uwan wancan sinadari ta baki, 13 daga cikinsu suka warke sarai. An fara sayar da shi a 1982 da sunan Accutane. Shi ne kaɗai ke iya kawar da cutar na shekaru ko har abada, amma yana nakasa jariri a ciki ƙwarai, kuma an haifi jarirai da dama da nakasa kafin a tsaurara dokokin ba da shi. Don haka magani ne da ba a sha sai a hannun likitan fata, kuma macen da ke iya ɗaukar ciki sai da tsari mai tsanani.

Abinci: magana ta tafi, ta dawo

Likitocin farkon ƙarni na 20 kan ba majinyaci doguwar takardar abin da zai bari: cakulan, da alewa, da soye-soye, da gyaɗa da danginta. Sai a 1969 Kligman da James Fulton da Gerd Plewig suka wallafa wani gwaji a kan mutum 65. An ba su sandar cakulan kullum na wani lokaci, sannan wata sanda mai kama da ita marar koko, ba a ga bambanci ba. Littattafan koyar da likitoci suka ɗauka, kuma kusan shekara talatin ana gaya wa majinyata cewa abinci ba ruwansa da ƙuraje. Daga baya masu nazari suka lura da abu biyu: sandar da aka kwatanta da ita cike take da sukari da kitse kamar ta farko, sannan ƙungiyar masu sarrafa cakulan ta Amurka ce ta tallafa wa binciken.

A 2002 Loren Cordain da Staffan Lindeberg da wasu suka wallafa abin da aka gani a tsibirin Kitava na ƙasar Papua New Guinea. An duba mutum 1,200, ciki har da matasa 300 masu shekara 15 zuwa 25, ba a sami mai ƙurji ko ɗaya ba. Abincinsu doya ne da dankali da gwaza da kifi da kwakwa da 'ya'yan itatuwa. Haka aka gani a wurin mutum 115 na ƙabilar Aché a Paraguay. Masu suka sun ce gado ma zai iya zama dalili, kuma suna da hujja, amma ƙofar da aka rufe a 1969 ta sake buɗewa.

A 2005 wani likita ɗan Najeriya, Clement Adebamowo, da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nazarci bayanan mata ma'aikatan jinya fiye da 47,000, suka ga alaƙa tsakanin yawan shan madara a ƙuruciya da ƙuraje masu tsanani, musamman madarar da aka cire wa kitse. A 2007 masu bincike a birnin Melbourne na Ostireliya suka raba samari 43 gida biyu na mako 12. Waɗanda aka ɗora kan abincin da ba ya saurin ɗaga sukarin jini sun fi samun sauƙi, ko da yake sun kuma rage ƙiba, abin da ya sa ba a iya tantance rabon kowane dalili. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne sukari da farar fulawa na ɗaga insulin da wani sinadarin girma mai kama da shi, su kuma su zuga jakunkunan maiƙo. Tasirin matsakaici ne, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Abin lura ga wanda aka hana cin gyaɗa tun yana yaro shi ne, binciken ya fi nuna yatsa ga lemon kwalba da burodi da kayan zaƙi.

Magungunan gida a kan sikeli

Idan aka bi wannan tarihi, za a ga layin da ake ja tsakanin maganin gargajiya da na asibiti bai da kauri kamar yadda ake zato. Farar wutar mutanen Rum ita ce cikin Clearasil lokacin da ya fito a 1950, kuma har yau tana cikin sabulai da mayuka, domin tana busar da maiƙo tana sassauta toshewa. Sinadarin salisilik da ke cikin ruwan wanke fuska na kanti asalinsa daga ɓawon itace aka fara samo shi. A 1990, wani gwaji a Ostireliya kan mutum 124 ya kwatanta man ganyen wata bishiyar ƙasar, wadda ake kira bishiyar shayi, da benzoyil feroksaid. Dukansu sun rage ƙuraje. Man ganyen ya fi jinkiri amma bai kai ɗayan sa fata zafi da bushewa ba. An yi gwajin da mai mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ne, domin zallansa na ƙona fata. Sinadarin zinki, wanda likitocin Suwidin suka gwada a shekarun 1970, shi ma yana da ɗan tasiri ga ƙuraje masu kumburi.

Zumar Celsus fa? A ɗakin gwaji tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma an san amfaninta ga rauni tun zamanin tsohuwar Masar. Amma da aka gwada wata zumar ƙasar New Zealand a kan mutum 136, sakamakon da aka wallafa a 2016 bai nuna ta ƙara wani abin a-zo-a-gani a kan wanka da sabulun kashe ƙwayoyin cuta ba. Ba ta cutarwa, sai dai ba ta kai inda toshewar take.

Akwai kuma waɗanda ke cutarwa. Ruwan lemon tsami a fuska, idan rana ta buge shi, yana iya ƙona fata ya bar baƙin shaci na watanni. Ɗanyar tafarnuwa na ƙuna kamar wuta. Man goge baki na sa fata ta yi ja ta tsage. Dirza da soso ko da gishiri na fasa ƙurajen da ba su nuna ba. Wannan ya fi zama abin kula ga mai baƙar fata, domin duk inda fatarsa ta kumbura, launi na taruwa a wurin, kuma tabon kan daɗe fiye da ƙurjin da ya haife shi.

Neman goge wannan tabo ne ke jefa mutane da yawa a Najeriya da maƙwabtanta cikin tarko mafi muni a yau. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda aka yi domin wasu cututtukan fata na ɗan lokaci, ana sayar da su a kasuwa ba takardar likita, ana kuma zuba su a haɗin da ake tallatawa da sunan na gargajiya ne zalla. A makonnin farko fuska kan yi sumul ta yi haske. Bayan haka fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, sababbin ƙuraje masu kama ɗaya su feso, kuma da an daina shafawa abin ya ƙara tsananta. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen sauya launin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar.

Me ya sa kowane haɗi, mai amfani da marar amfani, ke samun masu rantsuwa da shi? Dalilin na cikin ɗabi'ar cutar. Tana tashi tana kwantawa da kanta, mutum kuma ya fi neman magani ranar da ta fi muni, don haka duk abin da ya shafa a ranar shi zai ci yabon sauƙin da dama yana tafe. Haka yis ɗin Fleischmann ya sami shaidu, haka rigakafin Fleming, haka aure. Hanyar da ta raba gaskiya da zato ita ce wadda aka bi a Melbourne da New Zealand: a raba mutane gida biyu, a jira makonni, a ƙirga.

Abin da ya tsira daga wannan tacewa ba shi da yawa, kuma ba shi da tsada. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi ya isa. A cire hannu daga ƙurji. A nisanta man gashi mai kauri daga goshi, a zaɓi man shafawa marar nauyi. Rage kayan zaƙi da lemon kwalba na iya taimakawa, kuma ko bai taimaki fuska ba ya taimaki jiki. Kowane magani, na ganye ko na kanti, yana bukatar mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a yanke masa hukunci, saboda toshewar da ta riga ta fara a ɓoye sai ta gama fitowa. Ƙuraje masu zurfi da zafi, ko masu barin rami, ko waɗanda suka zo wa mace tare da rikicewar al'ada da tsirar gashi a haɓa, aikin likita ne, kuma jinkiri a nan tabo yake haifarwa.

Iyaye da malamai kuma suna da nasu rabon. Yarinyar da ta daina ɗaga kai a aji, ko saurayin da ya ƙi fita ɗaurin auren abokinsa, ba ƙazanta ce ta kama su ba, ba kuma wani abin kunya suka aikata ba. Gado ne da balaga suka haɗu a ƙofar gashi. Faɗa musu haka, da kai su wurin wanda ya san fata kafin su faɗa hannun mai haɗi, ya fi duk abin da Celsus ya rubuta amfani.